Ranar da Ganguna Suka Tsaya

Ƙanena ne ta wajen uwa. Mahaifiyarsa ƙanwar tawa mahaifiyar ce, aure ya kai ta Maraɗi tun ban yi wayo ba, shi ya sa na tashi da Hausar Kano shi kuma ya tashi da ta can. Kafin ya zo Guangzhou a wajen bukukuwa kawai na san shi, wani siririn yaro mai dogayen yatsu da ba ya son zama cikin jama'a. Da Inna, mahaifiyar tasa, ta bugo waya ta ce wani ɗan kasuwar garinsu zai taho da shi ya riƙa taya shi haɗa kaya, ba ta ja magana ba. "Ga ƙanenki nan, ki sa masa ido. Ba shi da fitina. Jitar nan tasa ce kawai."

A lokacin muna zaune a unguwar Dengfeng, a can saman wani tsohon bene da ba shi da lifta. Maigidana Alhaji aikinsa haɗa wa 'yan kasuwa kaya ya tura musu gida a kwantena. Ni kuma na mayar da falonmu gidan abinci, ba allo ba talla, wanda ya sani ya hau. Tuwon shinkafa nake yi da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa. Da azahar ta yi sai ka ga takalma sun cika bakin ƙofa, Kanawa da mutanen Maraɗi da na Yamai, kowa yana share gumi yana zagin matakalar.

Ya iso da 'yar jaka a kafaɗa da akwatin jita da ya kusa kai shi tsawo. Muka kwashe kwalaye daga ƙaramin ɗakin baya muka shimfiɗa masa katifa. Tagar ɗakin ba ta kallon komai sai bangon benen maƙwabta, kusa har kana iya miƙa hannu ka taɓa shi. Da safe ya bi maigidansa kasuwar Baima yana ɗaukar ledojin riguna, da yamma yana sito a unguwar Liwan suna danne dila suna ɗaurewa. In ya dawo ya yi wanka ya yi salla sai ya shige ɗaki ya rufo. Jitar ta lantarki ce, amma ba ya jona ta, don kada ya dame mu. Abin da nake ji daga kicin kawai 'yar ƙarar tsirkiya ce, siririya, ta ƙarƙashin ƙofa. Daga baya ya gaya mini a Agadas ya koya, wajen masu kiɗan biki.

A ƙasan benenmu akwai shagon gyaran waya. Wani saurayi ɗan China ne a ciki, mai dogon gashi da yake ɗaurewa a ƙeya. Kowa a layin ya san shi saboda hannunsa ba ya hutawa, in ba gyara yake ba to yana kaɗa gilashin kantarsa da sukudireba. Duk abin da ka tambaye shi sai ya fara cewa "meyo", wato babu, sannan ya yi dariya ya zaro maka shi. Wata rana ƙanena ya kai masa waya, garin gwadawa sai mai gyaran ya ci karo da bidiyon wani biki, ƙanena a tsakiyar fili yana kaɗa jita. Ya kalli wayar, ya kalli mai wayar. Sai ya ja ƙofar shagonsa ya kulle da rana tsaka ya biyo shi har sama.

Ina kwashe tuwo suka shigo. Baƙon ya cire takalmi, ya gaishe ni da "nihawo" yana haki, ya zauna a kan kwali a ɗakin baya, ya zaro tsinkayen cin abinci daga aljihu. Babu yaren da ya haɗa su. Ƙanena ya fara, shi ya saurara kansa a sunkuye, can sai ya shiga da tsinkayen a kan kwalin. Masu cin abinci suka yi tsit a falo. Wani dattijo ɗan Maraɗi ya ajiye lomar da ya ɗauka ya ce, "Wanga kiɗin gida ne. Wa ya koya ma ɗan Sin kiɗin gida?"

Ashe makaɗin ganguna ne, gyaran waya neman abinci ne kawai. Suna da ƙungiyar kiɗan rok shi da wata budurwa mai askakken kai da ke kaɗa jita mai kaurin murya, mawaƙinsu ya bar su ya koma garinsu. Ita ke jin Turanci, ita ta zama bakinsu. Suka fara kai shi wani ɗaki a tsohuwar masana'anta a bayan gari, inda suka lulluɓe bango da soso. A can ya fara jona jitarsa.

Ban san yadda suna ke tashi a ƙasar nan ba, na dai ga ya tashi. Da farko ƙananan wurare ne. Sai wani ya ɗauke su a waya ya sa a intanet. Ba a daɗe ba 'yan matan Baima masu sayar da riguna suka fara tare shi suna son hoto, shi kuma da leda a ka. Maigidansa ya ce ya zaɓa, ko dila ko jita. Ya zaɓi jita, wani kamfanin kiɗa ya gyara masa takardun zama. A falona magana ta rabu biyu. Wasu na cewa ya zubar mana da mutunci, ɗan Musulmi a gidajen giya. Wasu na miƙa wa juna waya ana kallo, suna cewa ai namu ne. Akwai masu yin duka biyun a zama ɗaya.

Sau ɗaya na je na gan su. Wani babban taron makaɗa ne a fili a wajen gari, da rana, ya nace sai mun zo. Maigidana ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, aka ajiye mu a gefen dandamali. Ban taɓa ganin kawuna da yawa haka ba in ba a filin idi ba. Ya fito da shuɗin rawani da ban san yana da shi ba. Da ya taɓa jitar sai na ji ta a haƙorana. Abin nan da nake ji siriri daga kicin, ashe haka girmansa yake. Ba ya kallon kowa, ya matsa jikin sifika idonsa a rufe. Mai ganguna ne ke kallonsa, yana bin motsin kafaɗarsa.

Waƙar da ta fi tashe ba wata waƙa ba ce, kiran da 'yan sito ke yi ne in za a ɗora dila a mota. Shi ya ce, "A kama!" sai jama'ar nan kaf su amsa, "Ɗaga!" Ba su ma iya faɗa ba, "daga" suke cewa, hannuwa sama. Na yi dariya har da hawaye. Maigidana ya sunkuyo ya ce a kunnena, "Ikon Allah. Yau dila ta zama waƙa."

Bayan nan ya bar gidanmu, aka kama masa ɗaki a wani dogon bene kusa da kogi. Suka shiga yawo gari-gari a jirgin ƙasa, yau nan gobe can. Mai ganguna ya saki shagon waya. Har hotonsu na gani a bangon tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, na tsaya a gabansa da kayan cefane a hannu ana ture ni.

A kwanon abinci na fara ganewa. Duk wanda ke cin abincina na san cikinsa, shi kuwa mai tashi da malmala biyu ne ya nemi ƙanzo. Sai ya zamana in ya zo gaishe mu ya tsakuri gefen tuwo ya ture. Shi da ba ya magana sai ga shi yana zuba kamar rediyo, daga wannan zance ya faɗa wancan, haƙoransa na goga juna. Wani zuwan ya ji fankar falo na ƙara, ya sauke ta ya warware ta kaf, ya baje ƙusoshi a kan tabarma tun azahar har la'asar ta wuce, ya tashi ya tafi bai mayar ba. In ya ji taku a matakala sai ya ɗaga hannu a yi shiru.

Wata rana na bi shi bakin ƙofa na riƙe damtsensa. Ya zama kara.

"Kai, dube ni. Me kake sha?"

"Mi zan sha, Yaya? Ba komi."

"Kada ka mayar da ni yarinya."

"Aiki ne. Mutum shi yi wasa, shi hau jirgi, shi sauka shi yi wasa. Barci ba na wanga aiki ba ne."

Ya zare hannunsa a hankali ya sauka da sauri.

Budurwar nan ce ta gaya mini gaskiya. Ta hau benen ita kaɗai, ta zauna a kicin tana murza yatsu, da ɗan Turancina da nata muka fahimci juna. Ƙwayar nan ce mai kama da garin gilashi, wadda ake kira ƙanƙara. A hanya suka fara, don korar barci. Mai ganguna ya taɓa sha da daɗewa ya daina, ya koma, ƙanena ya bi shi. Ko kuma ƙanena ne ya nema shi ya samo, ta ce ita ma ba ta sani ba. Sun fara ɓata wasa. A wani gari ya tsaya a dandamali yana maimaita abu ɗaya har jama'a suka fara watsewa.

Maigidana ya je benen kogi, ƙanena ya ƙi buɗe masa. Ya tura dattawan Maraɗi, su ya karɓe su da ladabi ya rantse musu babu komai. Na gaya wa Inna, ta sa aka yi ta saukar Alƙur'ani a gida.

Ranar da abin ya faru ana ruwa, irin ruwan Guangzhou da ba ya rage zafi. Masu cin abinci sun watse, ina wanke-wanke, na ji ana taɓa ƙofa a hankali kamar da farce. Yana tsaye jiƙe sharkaf, ƙafa ɗaya ba takalmi, ba jita. Ya wuce ni ya shige ɗakin baya ya zauna a kan kwali. Sai da maigidana ya dawo muka samu magana daga bakinsa, ita ma gutsi-gutsi.

Suna ɗakin masana'antar shi da mai ganguna, budurwar ta fita sayo abinci. Rabonsu da barci shi ma bai sani ba. Ya fuskanci sifika a kusurwa kamar yadda ya saba, ya ba ganguna baya, suna cikin wani sabon kiɗa. Sai ganguna suka tsaya.

"Na zaci ya ɓata ne. Na ji haushi, Alhaji. Na ce bari in ci gaba, shi kamo ni in ya shirya. Na ci gaba. Kiɗin ya yi daɗi, wallahi bai taɓa daɗi haka ba. Ban waiwaya ba."

"Har yaushe?" in ji maigidana.

"Ban sani ba. Har ta dawo."

Ita ce ta buɗe ƙofa ta ga mai ganguna ya kife a kan gangarsa, sanda ɗaya a hannu. Ta fizge wayar jitar daga sifika, shirun ne ya sa ƙanena ya juya. Ta kira motar asibiti, ta dube shi ta ce shi baƙo ne, ya tafi yanzu-yanzu. Ya fita ta ƙofar baya. Likitoci suka ce zuciya ce ta buga. Ko da an waiwaya da wuri da ya rayu, wannan babu wanda ya iya gaya mana.

Maigidana ya daɗe yana kallon tabarma. Mun san ƙasar da muke, ƙwaya a nan ba abin wasa ba ce, kuma zamanmu da sana'armu duk suna iya tafiya a kansa. Ya ce, "Ba zan ɓoye shi har abada ba, in kuma aka tambaye ni ba zan yi ƙarya ba. Amma ba zan miƙa shi a wannan halin ba. Ya dawo hayyacinsa tukuna, ya je da ƙafarsa."

Na rufe gidan abinci, na ɗaure mukullin ƙofar waje a bakin zanina. Kwanakin farko barci ya yi, irin barcin da ke ba mutum tsoro, nakan shiga in tsaya har sai na ga ƙirjinsa ya motsa. Da barcin ya sake shi sai sauran suka zo. Ya yi kuka, ya roƙe ni in buɗe masa ya sha iska, ya zage ni da kalmomin da ban taɓa zaton ya sani ba, sannan ya durƙusa yana ba ni haƙuri.

Abin da ya fi duka shi ne jin da yake yi. Wata safiya ina daka jajjage a ƙaramin turmina sai ga shi a ƙofar kicin, fuskarsa kamar toka.

"Yaya, bari. Don Allah bari. Shina amsawa."

"Wa?"

"In kin buga sai shi buga."

Na ajiye taɓarya. Daga wani ɗaki a benen ana saran nama a kan katako, yadda matan nan ke yi da faffaɗar wuƙa. Na ce, "Ka ji, maƙwabta ne."

Ya girgiza kai. "Ba wannan ba. Ƙarƙashinshi."

Na kasa kunne. Ba zan ce na ji komai ba. Amma daga ranar na daina daka, kuma na gano tsohon bene ba ya taɓa yin shiru. Bututun ruwa na bugawa, injin wanki na jijjiga a sama, wani abu na ɗiga a tsakanin bango. Shi sai ya haɗa su duka su zama hannu ɗaya. Ya ce kiɗan nan ne da ba su gama ba, kullum sai ya kawo daidai wurin nan ya tsaya. Tsayawar ce ba ya iya ɗauka. Sai in same shi zaune a tsakiyar katifa wuyansa a sandare, yana son ya waiwaya yana tsoro. Ni ma wani lokaci ina yankan albasa ni kaɗai sai in ga na dakata da wuƙa a hannu, ina jiran abin da ban san ko mene ne ba.

Maigidana kan zauna da shi bayan kowace salla yana karatu a hankali. Da farko kallonsa kawai yake. Daga baya ya fara yin alwala ya tsaya a gefensa. Abinci kuwa sai kunu da shayi, ya ce in ya sa tuwo a baki ƙasa yake ji.

Ana cikin haka budurwar ta bugo ta ce mahaifiyar mai ganguna na son ganinsa. Na ce da maigidana a hana. Ya ce, "Ɗanta ya mutu. Da wane baki za mu hana ta?"

Ta hau matakalar a hankali tana hutawa, muna jin takunta tun daga ƙasa. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, farin gashi a yanke, ta rungumo fulas na ƙarfe. Ƙanena ya fito ya zube a gabanta. Ta dube shi ta yi magana, budurwar ta juya da Turanci, maigidana ya juya da Hausa.

"Ta ce ka tashi, ba wannan ya kawo ta ba. Tana so ta san abin da ɗanta yake yi a ƙarshe."

Ya gaya mata duka. Bai rage komai ba, har haushin da ya ji, har daɗin kiɗan, har ƙofar baya. Na ga budurwar ta tsaya a wani wuri tana shakkar fassarawa, tsohuwar ta buga mata gwiwa, ta ci gaba. Da aka gama ta kalli hannuwansa. Sannan ta yi tambaya.

"Ta ce, yana kaɗawa da kyau ranar?"

"Da kyau," in ji ƙanena. "Ya hi kullum."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce ta yafe ba, har yau kuma ban ji ta faɗa ba. Ta buɗe fulas. Romon kifi ne da citta. Ta sa aka gaya mana sabuwar tukunya ta saya, don ɗanta ya taɓa gaya mata abin da ba ma ci. Ta zuba a murfin ta tura masa. Ya riƙe da hannu biyu, ta tsare shi da ido har ya shanye. Ta sake zubawa.

Ta riƙa zuwa bayan nan, ita kaɗai, ba mai fassara. Ta ajiye fulas ta zauna a kicin tana gyara mini ganye, tana mita da yarenta in na cika mai, ni kuma ina ba ta amsa da Hausa. In ya rage romo ta daka masa tsawa, shi kuma ya ce, "Shiye-shiye, Mama," wato na gode, ya ƙarasa. A hankali nama ya fara dawowa kumatunsa.

Shi da kansa ya ce lokaci ya yi. Ya yi aski, ya sa farar riga, maigidana ya raka shi ofishin 'yan sanda. Suka tsare shi na ɗan lokaci, sannan aka sa shi a jirgi, ba damar dawowa. Ba mu samu yin sallama ba. Mu ma an kira mu an yi mana tambayoyi, aka bar mu. Jitar ta zauna a wajen budurwar har wani ɗan kasuwa ya tafi masa da ita cikin kayansa.

Ba daga nan komai ya miƙe ba. A Maraɗi ya sake faɗawa, wannan karon tramol, har Inna ta bugo mini tana kuka. Aka kai shi asibiti a Yamai, ya fito, ya yi damina a gonar kawunsa. Yanzu shekaru ke nan bai taɓa komai ba, amma shi ba ya cewa ya warke, cewa yake, "Yau dai lahiya lau." Ya yi aure, yana da 'ya mace. Yana gyaran sifika a bakin kasuwa, ana kuma ɗaukarsa kiɗan biki. Masu zuwa daga can sun ce hannun na nan, sai dai ba ya kaɗa komai daga abin da ya yi a China.

Bara, lokacin da mutanen nan ke fita ziyarar matattunsu, tsohuwar ta zo ba fulas. Ta kama hannuna ta nuna ƙofa. Na tambayi maigidana, ya ce in je, rakiya ce. Muka hau bas mai nisa zuwa wani gini a gefen tsauni. Ciki dogayen bangaye ne cike da ƙananan ƙofofin gilashi, jeri bisa jeri, kowace da hoto da 'yar tukunyar tokar gawa. Ban taɓa shiga irin wurin ba, na rasa inda zan sa hannuwana. Ta ɗanta tana ƙasa-ƙasa, sai an sunkuya. A hoton gashinsa gajere ne kamar na ɗan makaranta, da ƙyar na gane shi.

Ta goge gilashin da hankici, ta jera lemo. Sannan ta nuna wayata, ta yi alamar kaɗa jita da yatsu. Na kira Maraɗi ta bidiyo. A can gari bai daɗe da wayewa ba, yana buɗe shago, ina jin babura a bayansa. Na ce, "Ga Mama, ga inda muke." Na juya masa wayar.

Na riƙe har hannuna ya gaji na canza hannu. Tsohuwar ta sunkuya ta yi wa gilashin magana a hankali tana nuna wayar, kamar mai gabatar da baƙo. Can na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, ya faɗi wani abu da yarensu, gajere, ban san ma'anarsa ba. Ta amsa masa da kalma ɗaya. Sai hoton ya daskare, layin ya yanke.

Na so in sake kira, ta dafa hannuna. Muka fito muka zauna a benci ƙarƙashin rumfa, yayyafi ya sauko. Ta zaro wani lemo daga jaka, ta nuna mini ba daga cikin waɗancan ba ne, ta ɓare ta ba ni rabi. Ban tambaye shi abin da ya ce ba, shi ma bai ɗauko zancen ba da muka sake waya. Bas ya makara ranar. Sai dab da magariba na isa gida, na tarar Alhaji ya ɗora shinkafa ta kama.